Mai Albasa a Ƙofar Makarantar Acimota

Jama'a, manoma da makiyaya, ga labarin wani manomin albasa na wajen Galmi, cikin jahar Tawa. Ya bi albasarsa har ƙasar Gana. Ya tafi da buhuna a bayan kamyo, ya tafi da wata magana mai nauyi a cikin ransa. Buhunan sun ƙare a kasuwa. Maganar kuwa, a cikin filin wata makaranta ya samu bakin zarenta.

Mutumin nan ya ba shekara 50 baya. Yana yaro bai shiga lakwal ba, allo kaɗai ya riƙa. Sai da furfura ta fara fito masa ya shiga ajin yaƙi da jahilci na garinsu. Rani uku yana zuwa, bayan sallar isha'i, da kaye da bik da fitila. Yau yana karanta Hausa, yana rubuta sunansa, yana lissafin buhunansa da hannunsa. Dillali ba ya iya juya masa lamba.

Maganar da ya baro gida

Yana da ɗiya, shekarunta 13. Ta gama aji 6 na lakwal, sunanta ya fito cikin waɗanda za su wuce kwalej. Amma babu kwalej a ƙauyensu. Sai an kai ta wani gari, an nema mata masauki, a riƙa aika mata hatsi da kuɗin sabulu kowane wata.

Ana cikin haka sai wansa ya same shi da dare. Ya ce: "Ƙanena, Alhaji ya aiko. Yana nema wa ɗansa yarinyar nan." Alhajin ba baƙo ba ne. Shi ke ba manomin bashin taki da man injin ban-ruwa kowace shekara, a biya bayan an cire albasa. Har lokacin akwai sauran bashin bara a wuyansa.

Manomin ya ce: "Yaya, yarinyar fa tana son karatu." Wan ya ce: "Karatun mace ina zai kai ta? Ɗakin miji ne ƙarshensa. Kuma kada ka manta, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

Uwar yarinya ba ta ce uffan ba a gaban maza. Amma da asuba ya tarar da ita zaune a bakin murhu, tana ɗinke jakar littattafan yarinyar inda ta yage. Ya gane amsarta. Ya ce wa wansa a ba shi lokaci, sai ya komo daga Gana. Ya buɗe rudu, aka zuba albasa a buhuna, aka loda kamyo.

Hanyar da ubansa ya bi

Tafiyar kwanaki ce. Bayan an shiga Gana, kamyo ya ratsa Tamale, ya ratsa Kumashi, ya gangara kudu wajen teku. A 2021 aka ɗauke babbar kasuwar albasa daga Agbogbuloshi, cikin birnin Akara, aka mai da ita Ajen Kotoku, bayan gari. Can aka sauke kaya.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce ga gidansu. Marigayi ubansa ya fara ci-rani a can tun ana ce wa ƙasar Gwalkwas, ana ce wa birnin Ankara. Kamar dubban samarin Nijar, Hausawa da Zabarmawa, ya yi dako, ya sayar da itace. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busiya ta ba baƙi marasa takardar zama mako 2 su bar ƙasar. Uban ya komo gida da tabarma da buta.

Cikin labaran da tsohon ya riƙa ba su a tsakar gida, akwai ɗaya da ba ya gajiya da shi. Wata makaranta ce a kan tudu, bayan birni, mai doguwar hasumiya da agogo. Yakan wuce ta da itace a ka. Yana hangen yara maza da mata riƙe da littattafai. Akwai rubutu a bakin ƙofa, amma har ya bar ƙasar bai san abin da aka rubuta ba. Yakan ce: "Na ga gidan ilimi da idona, amma ta bayan danga."

Maigidan da manomin ke sauka wajensa Bahaushe ne na unguwar Nima, a can aka haife shi. Ran nan bayan an tashi kasuwa ya ce: "Baƙona, gobe ranar ziyara ce a makarantar ɗiyata. Zo ka raka ni." Da gari ya waye suka shiga motar haya. Da suka sauka, manomin ya ɗaga kai ya ga rubutu. Ya tsaya yana haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Wani harafin h da Turawan Ingila ke liƙa wa c ya so ya rikita shi, amma ya fitar da sunan: Acimota. Suka taka kaɗan, sai ga hasumiya, sai ga agogo. Ya dafa kafaɗar maigida ya ce: "Ashe nan ne." Abin da uba ya kasa karantawa, ɗa ya karanta.

Wurin da sunansa

Acimota tana arewa da tsakiyar Akara, wajen kilomita 10. Da can daji ne da ciyawa. Yau birni ya cim mata, ya kewaye ta. Makarantar gwamnati ce, irin wadda ake ce wa lise a Nijar. Yara suna yin shekara 3 a ciki, maza da mata, da yawansu a nan suke kwana.

Sunan ya fito daga harshen Ga, mutanen da ke zaune a ƙasar Akara tun asali. Ma'anarsa: kada a ambaci suna. An ce a zamanin cinikin bayi, waɗanda suka tsere sukan ɓuya a dajin. Shi ya sa ba a kiran sunan kowa a wurin, don kada a tona asirin mai ɓuya.

Ɗiyar maigida ta zo da gudu, ta durƙusa ta gaida su. Hausarta ta zango ce, ba ta raba namiji da mace a magana. Ta ce: "Baba, makaranta nan ya kusa shekara ɗari." Manomin ya yi murmushi, amma gaskiya ta faɗa. A watan Janairu na 2027 makarantar ke cika shekara 100 da buɗewa. Yarinyar ta shige gaba tana nuna musu wuri, tana ba su tarihi. Kowane ɗan makarantar ya san shi kamar sunan kakansa.

Mutum uku da suka kafa ta

Na farko shi ne Gwamna Gugisbag. Soja ne mai awon ƙasa, haifaffen Kanada. Ya yi mulkin Gwalkwas a madadin Ingila daga 1919 zuwa 1927. Shi ya gina babban asibitin Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923. Shi ya fara aikin tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Ra'ayinsa shi ne, ƙasa ba ta tashi sai ƴan ƙasa sun iya ayyukan da ake ɗauko Turawa da tsada su yi.

An aza harsashin makarantar a 1924. A 1925 ɗan Sarkin Ingila mai jiran gado ya ziyarci wurin, aka sa wa makarantar sunan sarautarsa, Yariman Welas. Daga baya sunan wurin ya rinjaya. Ran 28 ga Janairu 1927 aka yi bikin buɗewa. Ginin ya ci fiye da fam 600,000. Ba daga Ingila kuɗin suka fito ba. Daga baitulmalin Gwalkwas suka fito, kuma a lokacin koko ne ke cika baitulmalin, don babu ƙasar da ta kai ta noman koko a duniya. Da manomin ya ji haka sai ya sake duban ginin. Ya ce: "Ashe gumin manoma ne ya zama bango."

Na biyu shi ne Fireza, malamin mishan, mutumin Sikotlan. Ya yi shekara 20 yana shugabancin wata makaranta a garin Kandi, cikin tsibirin Silon, wanda ake kira Siri Lanka yanzu. Shi ne shugaban Acimota na farko, ya riƙe ta har 1935.

Na uku shi ne wanda yaran suka fi ji da shi: Dakta Kwegir Agre. Baƙar fata ne, Bafante, an haife shi a Anomabu, bakin teku, a 1875. A 1898 ya tafi Amurka neman ilimi. Ya yi karatu, ya koyar a can shekaru masu yawa. A 1920 ya komo Afirka cikin wani kwamiti da ke zagaya ƙasashe yana duba halin makarantu. Duk inda ya yi magana mutane na cika wuri. Da za a kafa Acimota aka naɗa shi mataimakin shugaba. Shi ya bi garuruwa yana lallashin iyaye da sarakuna, don mutane suna zargin abin da gwamnatin Turawa ta kawo. Allah bai ba shi tsawon kwana ba. Wata 6 bayan buɗewa, ran 30 ga Yuli 1927, ya rasu a birnin Niyok na Amurka.

Yarinyar ta nuna tambarin makarantar, zane ne na baƙi da fari a jere. Ta ce hoton maɓallan piyano ne, wani abin kiɗan Turawa da ake dannawa da yatsu. Agre ne ya yi misali da shi. In an danna farare kaɗai za a ji kiɗa, in an danna baƙaƙe kaɗai ma za a ji kiɗa, amma daɗinsa ba ya cika sai an haɗa su. Yana nufin baƙar fata da farar fata. Akwai wata magana kuma da ake jingina masa, cewa ilimin namiji yakan tsaya a kansa shi kaɗai, na mace kuwa yakan game gida da al'umma. Agre ya tsaya tsayin daka sai an ɗauki mata tare da maza. Haka aka yi tun ranar farko, a zamanin da wannan baƙon abu ne ko a ƙasashen Turawa da yawa.

Manomin bai ce kome ba. Ya dai gyara hularsa.

Abin da ake koyarwa

Da ƙananan yara aka fara. Nufin masu kafawa shi ne yaro ya shiga yana ɗan mitsitsi, ya hau mataki mataki har karatun jami'a, duk a wuri guda. A 1928 aka ɗauko makarantar horon malamai ta Akara aka haɗa da ita.

Ba Ingilishi kaɗai aka koyar ba. An koyar da harsunan ƙasa guda 4: Ga, da Tuwi, da Fante, da Ewe. Malaman da suka zo daga Turai su ma an sa su koyon harshen ƙasa. Akwai gona, akwai sassaƙa, akwai saƙa da ginin tukwane. Akwai lokacin da yara ke buga gangunan garuruwansu, su yi rawar gida. Wani mashahurin malamin kiɗa, Ifraimu Amu, ya fara koyarwa a nan a 1934, bayan ya saɓa da wata makarantar mishan saboda sa tufafin gargajiya da kiɗan ganga. Nufin dai, yaro ya samu ilimin zamani ba tare da ya raina gidan ubansa ba.

Wannan ya shiga kunnen manomin sosai. Babban tsoron wansa ke nan, kada yarinya ta yi boko ta komo tana ƙyamar daka da surfe.

Makarantar ta haifi wasu makarantu. A 1948 aka kafa jami'ar farko ta ƙasar a cikin gine-ginen Acimota, daga baya ta tashi zuwa Legon. Ita ce Jami'ar Gana ta yau. A 1952 aka kwashi masu koyon aikin malanta zuwa Kumashi, da su aka buɗe makarantar da ta zama jami'ar kimiyya da fasaha mai sunan Kwame Nkuruma. Abin da ya rage a kan tudun shi ne makarantar yara da ta samari da ƴanmata.

Zagayen fili

Filin Acimota gari ne guda. Ana ƙiyasta shi da wajen hekta 500. An raba shi biyu, gefen gabas da gefen yamma. A gabas ne ginin hukumar makaranta yake, mai hasumiya da agogo. Akwai azuzuwa, da ɗakin littattafai, da manyan zaurukan cin abinci, da gidajen malamai. Akwai majami'a mai sunan Agre. Akwai filayen ƙwallo da na guje-guje. Akwai asibiti da aka gina don yara, yanzu mutanen gari ma suna zuwa. Har da wani faffaɗan filin ciyawa inda manya ke buga ƙaramar ƙwallo da sanda, wasan da ake kira golf.

Abin da ya fi ɗaukar idon manomin shi ne itatuwa. Ko'ina inuwa. A gefe kuma ga dajin Acimota, wanda hukuma ta keɓe a 1930. Dalili biyu ne: makaranta ta samu itacen girki, kuma dajin ya tsare ta daga hayaniyar birni. Wato waɗanda suka gina aji sun yi tunanin murhu, sun yi tunanin shekarun da ba za su gani ba.

Gidajen kwanan yara sun fi 10, kowane da sunansa. Akwai na Agre, da na Gugisbag, da na Fireza. Da suka zo wani gida yarinyar ta faɗi sunansa, sai manomin ya tsaya. Ya ce: "Wane Lugga? Wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato?" Maigida ya ce: "Shi fa, a 1903." Manomin ya girgiza kai. Ya gane cewa makarantar ɗiyar zamaninta ce, zamanin mulkin mallaka, da alherinsa da tabonsa.

Suka wuce zuwa wani gidan ƴanmata. Yarinyar ta ce sunan Suzan Ofori-Ata aka sa masa. Tana cikin ƴanmatan farko da suka yi karatu a nan. Ta tafi Sikotlan, ta gama karatun likita a ƙarshen shekarun 1940, ta zama mace ta farko likita a ƙasar. Aikinta ya fi ƙarfi wajen mata da yara, musamman yaran da rashin abinci mai gina jiki ya kumbura. Ta ambaci Ani Jiyage kuma, wadda ta yi horon malanta a nan, daga baya ta zama mace ta farko alƙali a Gana.

Nan ne ƙafar manomin ta yi nauyi. Ya nemi gindin itace ya zauna. Ya tuna da wata ƙanwarsa. An yi mata aure ba ta kai shekara 15 ba. Haihuwar fari ta zo da gardama. Kwana biyu tana naƙuda ana jayayya a gida, don an ce namiji ne ke duba mata a gidan likita. Da aka yarda aka ɗora ta a amalanke, lokaci ya wuce. Shekara 30 ke nan, bai taɓa haɗa wannan mutuwa da maganar lakwal ba sai ran nan. Kowa na son mace ta duba matarsa. To, ɗiyar wa za ta yi karatun?

Ya tambayi yarinyar: "Ɗiyata, ke me kike so ki zama?" Ta ce: "Baba, likita, in Allah ya yarda." Ya ce: "Allah ya yarda."

Waɗanda suka fito daga ciki

Kwame Nkuruma ya gama horon malanta a nan a 1930. Shi ya ja ƙasar zuwa ƴancin kai ran 6 ga Maris 1957, kuma har ya girma yana yabon Agre. Jeri Rolins da Jon Ata Mils, waɗanda suka shugabanci Gana daga baya, su ma ƴan Acimota ne. Makiyaya su ji wannan: Dauda Jawara, shugaban Gambiya na farko, ya yi karatun kimiyya a nan kafin ya tafi Gilasgo ya zama likitan dabbobi. Shekaru ya yi yana bin garken shanu da allurar rigakafi kafin ya shiga siyasa. A wancan zamani yaran Nijar masu ƙoƙari, irin su Bubu Hama da Jori Hamani, makarantar Wilyam Ponti ta Senegal ake kai su.

Manomin ba ya son labari mai gefe ɗaya. Ya ce: "Maigida, gaya mini gaskiya. Ɗan talaka yana shiga nan?" Maigida ya ce: "Da can da wuya, sai mai hali ko wanda ya ci tallafi. An zuba dukiya a nan kudu, arewacin ƙasar kuwa bai samu makarantar gwamnati irin wannan ba sai a 1951, a Tamale. A 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta a wannan mataki. Jarrabawa ce ke raba gurbi. Amma masu nema sun fi guraben yawa, kuma yaron da ubansa ya biya masa makarantar kuɗi tun yana ƙarami ya fi samun maki. Ɗiyar nan tawa, uwarta waina take soyawa. Da fitila ta yi karatun."

Ya ƙara da cewa: "Kuma kada in ɓoye maka. Busiya, wanda gwamnatinsa ta kori babanka, shi ma a nan ya yi karatu." Manomin ya yi shiru, can ya ce: "To, ilimi ba ya hana mutum yin abin da zai cuci wani. Amma da Baba ya iya karatu, da ya san takardar da ake nema tun kafin a buga masa ƙofa."

Fili ma yana son mai tsaro

Akwai wani abu da ya lura da shi a gefen makarantar. Gidajen mutane sun matso har jikin iyaka. Maigida ya ce shekara da shekaru ana wannan rigima. Birni ya cika, fili ya yi tsada, kowa na son ya gutsura. Makarantar da tsofaffin ɗalibanta sun sha zuwa gaban alƙali don kare ƙasarta. Dajin ma ya ragu. A 2022 an yi babbar ƙura da gwamnati ta ba da sanarwar cire wani yanki daga cikin dajin da aka keɓe. Jama'a da yawa suka ƙi.

Manomin ya san wannan ciwo. Filin lakwal na ƙauyensu haka yake. Kowace damina mai gonar gabas yana ƙara kunya biyu, mai gonar yamma yana ƙara uku. Babu danga, babu itace ko ɗaya. Azuzuwa biyu na zana ne, iska na kwashe su kowace bazara. In makarantar da ta fitar da shugabannin ƙasa tana fama da masu gutsura, ina ga ta ƙauye?

Komowa gida

Albasa ta yi kasuwa, ba laifi. Ya rubuta kuɗinsa a kaye, ya ɗaure, ya hau mota. Da ya iso gida bai kwana ba sai da ya je wajen Alhaji. Ya ƙirga masa bashin bara gaba ɗaya, ko dala bai rage ba. Sa'an nan ya ce: "Alhaji, na gode da karamcin da ka yi mini na neman ɗiyata. Amma yarinya za ta wuce kwalej. In ta gama, ɗanka yana so, ita ma tana so, ƙofa a buɗe take." Alhaji ya karɓi kuɗinsa ya ce: "Allah ya sa haka ya fi alheri." Bai ƙara kome ba. Da lokacin dashe ya zo, bai aiko da taki ba. Manomin ya rage faɗin gonar albasarsa, ya sayar da tumaki biyu ya sayi mai.

Wansa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa da kyau. Har yanzu yakan ce: "Za mu gani." Manomin yakan ce: "Yaya, za mu gani, in Allah ya kai mu." Ba ya jayayya da shi, don na gaba na gaba ne.

Mushen ƙauyen ya ƙarfafa masa gwiwa. Ya gaya masa cewa tun watan Disamba na 2017 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta kare karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16. Amma doka ba ta dafa tuwo, ba ta ba da ɗakin kwana. Wannan aikin uba ne. Ya tafi garin da kwalej take, ya samu wata ƴar'uwar matarsa, mace mai kamun kai. Suka yi magana a fili: ga hatsin da zai riƙa kawowa, ga aikin gidan da yarinya za ta yi, ga lokacin karatunta da ba za a taɓa ba. Ba talla. Ya rubuta duka a kaye, ya karanta mata, ta amince.

Ran komawa lakwal, cikin watan Oktoba, shi da kansa ya ɗauki buhun gero a kan babur, yarinya a baya riƙe da jakar da uwarta ta ɗinke. A bakin ƙofar kwalej ya tsaya ya karanta sunan makarantar da ƙarfi. Yarinyar ta gyara masa harafi ɗaya. Ya yi dariya ya ce: "Kin gani? Tun yau kin fara biyana."

Bai tsaya nan ba. A taron iyayen yara ya miƙe ya ba da labarin abin da ya gani. Ya ce shi ba ya mafarkin hasumiya da agogo a ƙauyensu. Amma iyaka ba ta fi ƙarfinsu ba, inuwa ma haka. Aka kira maigari, aka kira masu gonakin da ke maƙwabtaka, aka taka filin lakwal, aka kafa duwatsu. Da damina ta faɗi aka dasa dogon yaro a kewaye. Kowane aji da itatuwan da yake ba ruwa. Awaki sun ci wasu, an sake dasawa, an kewaye da ƙaya.

Ba wanda ya san inda karatun yarinyar zai tsaya. Hanya tana da tsawo: shekara 4 a kwalej, shekara 3 a lise, sa'an nan abin da Allah ya nufa. Albasa tana yin kasuwa wata shekara, wata shekara ta ruɓe a rudu. Manomin ya san duk wannan. Amma kowane hutu, in yarinya ta zo gida, yakan sa ta zauna a tabarma ta karanta masa abin da aka koya musu, ta fassara masa da Hausa. Uwar tana gefe tana tankaɗe, kunnenta yana wajensu. Wansa ma, ran nan da takardar likita ta rikita shi, yarinyar ya aika aka kira.

Jama'a, mai ɗiya a aji 6 ya fara shirin masauki da hatsi tun kaka, kada Oktoba ta same shi hannu sake. Wanda kuma garinsu ke da filin lakwal, ya je ya taka iyakarsa tun ba a gutsure ba.